Kan Yucai a Faranti

Qiu Manling ta faɗo gida a guje, takalma duk taɓo, jakar takarda a hannu.

"Baba! Yucai ɗina ya fitar da kai! Sanyi bai ko kankama ba!"

Ƙuruciyarta kaf a gonar gwaji ta ƙare, tana haɗa jinsin yucai, tsiron da ake tatsar man girki daga ƙwayarsa. Halinsa ne ba ya fure sai ya ƙoshi da sanyi, shi ya sa girbinsa ke cinye wa manoma lokacin dashen shinkafa. Cikin layukan da ta shuka bayan gidansu, tsiro ɗaya tak ya karya wannan ƙa'ida. Da safe ta gan shi, ta ruga ofis ɗauko jakar da za ta kare furensa daga ƙudan zuma. A hanya ta buga wa kowa waya, har waɗanda ba ruwansu. Murna ba ta san digiri ba.

"Zauna ki ci, uwar ihu," in ji tsoho Qiu, ya dire faranti. "Kin taki sa'a. Kan yucai na farko a bana, ɗanye shar. Guda ne kawai, sai na ƙara da awara da tafarnuwa."

Manling ta ƙura wa farantin ido. Ga ƙananan tohon nan suna ƙyalli cikin mai.

"A ina ka yanko?"

"Nan bayan gida. Shi kaɗai ya yi zaƙal."

"Baba, ka soya mini aikina!"

"Ai ban cika gishiri ba."

Ta zura waje, tsohon na biye da ita yana haki. Ta durƙusa gaban guntun karan, ta ɗaga ganyen ɗaya bayan ɗaya. A gindin kowane ganye akwai ɗan toho kamar ƙwayar shinkafa. In an sare kai, su ne ke farkawa su zama rassa. Dariya ta ƙwace mata har ta zauna daɓas cikin taɓo.

"Zai yi?" ya tambaya a hankali.

"Zai yi. Rassa ma zai yi."

"To kin gani! Sa sunana a binciken."

Ta miƙa masa tafin hannu. Ya zaro 'yar wuƙar da ya yanko kan da ita ya ba ta. Ta cusa a aljihunta.

"Mu je, kada ya huce."