Minti Uku a Bakin Titin Sheme

Inna Suwaiba ba ta taɓa ganin jirgin sama a ƙasa ba. Wanda ta sani shi ne mai rurin nan da kan wuce ta saman Sheme ya nufi daji, kaji su watse, mata su yi ta salati. Amma a wannan makon babu abin da ta sa a rai kamar jirgi, domin a cikinsa ɗanta na fari, Salahuddeen, zai taso daga Kanada da jikokinta biyu da ba ta taɓa shafa kansu ba.

Wata biyu ke nan da aka harbe mijinta, Malam Rabo, a gonarsa ta dawa. Tun ranar take cikin takaba, ba kwalli, ba lalle, ba kwana a wani gida sai wanda ya bar ta a ciki. Salahuddeen ma'aikacin jinya ne, shekararsa tara bai zo gida ba, kuma da ƙyar aka ba shi hutun kwana goma. Ya so ta same su a Kano. Ta ce ko kusa, ba za ta tsallake ɗakin Malam ba sai ta cika kwanakinta. Sai ya ce to shi zai zo, ya tsaya a kan kabarin mahaifinsa, ya ɗora mata yaran a cinya. Abu ɗaya ya roƙa.

"Inna, don Allah kada kowa ya ji. Ko limamin unguwa."

"Ni za ka koya wa riƙe baki?" ta ce.

Ta riƙe kuwa. Ƙanwarta Shafa'atu kaɗai ta sani, wadda ke sayar da dafaffiyar gyaɗa da rogo a bakin titi, take kwana da ita tun rasuwar. Kowa a garin ya san yadda abin yake: kafin masu bindiga su shigo gida, wani mai ido a cikin gari ya riga ya gaya musu wane ne ya sayar da shanu, wane ne ɗansa ya zo daga birni. Mutumin da ya sauko daga jirgin ƙasar waje da yara biyu kuwa, ai ba sai an faɗa ba.

Sai dai hannunta ya kasa zama. Ta daka kuka, ta tankaɗe. Ta shanya kuɓewa, ta haɗa yaji mai citta da kanumfari, ta sa aka kawo mata daddawa mai kyau daga garin Sabuwa. Ta tuna wata rana Salahuddeen ya ce a filin jirgi sukan zubar da duk abincin da ba a liƙe shi da kyau ba. Zuciyarta ta ƙi yarda a zubar da daddawarta a shara a ƙasar da ba ta sani ba. Don haka ta ba Shafa'atu kayan, ta ce ta kai shagon Badamasi mai injin liƙe leda, ya liƙe kowanne ya cire masa iska.

Shafa'atu ta dawo fuskarta ba daɗi.

"Yaya, mun yi wauta."

"Mi ya faru?"

"Yana liƙewa yana dariya. Ya ce, wanga ɗauri ai na masu hawa jirgi ne, wa za ya Turai a gidan takaba? Kuma shagon cike da samari masu cajin waya."

Inna ta dubi ledojin, sun kwanta sumul suna ƙyalli, gwanin kyau. 

A ranar ne Salahuddeen ya fara turo saƙon murya. Ga su a filin jirgi na farko, Ikhlas mai shekara takwas ta goya jakarta. Ga su sun sauka a Addis Ababa bayan awa goma sha uku a sama, ƙafafunsa sun kumbura, Uwais ya yi amai sau biyu. Sai muryar yaron ta fito, Hausarsa a karkace: "Kaka, ina zuwa. Ki dafa tuwo."

Ta saurara sau bakwai. Uwais shekararsa huɗu, kuma duk Lahadi, idan network ya yi kirki, sukan yi faɗa ta waya suna ganin juna. Ta ce masa angonta marowaci, ko sabulu bai taɓa aiko mata ba. Ya ce mata tsohuwa marar haƙori. Ya san fuskarta sarai, har da tsagar da ke gefen kumatunta.

Washegari da hantsi, tana tsintar wake, wayar ta yi ƙara. Lamba ce da ba suna. Muryar namiji ce, a natse, har da ladabi.

"Inna, ya haƙuri? An ce baƙinmu na tafe daga nesa. A gaishe su da hanya. Za mu leƙo mu yi musu sannu."

Ya kashe. Waken ya zube daga farantin, kaji suka taru a kansa, ba ta kore su ba.

Da la'asar jirginsu ya sauka a Kano. Yana kira, tun kafin ya gama sallama, ta gaya masa komai. Tana jin hayaniyar filin jirgi a bayansa, da muryar matarsa Asma'u tana kiran yara.

"Zan zo ni kaɗai ke nan," ya ce.

"Ba ka zuwa."

"Inna, kwana biyu muna sama. Ban ga gawar Baba ba, ban ɗauki makararsa ba. Yanzu kabarin ma a hana ni?"

"Kabari ba ya gudu."

"To ki taho Kano. Malamai sun ce idan akwai tsoro ya halatta."

"Ni ba a neman tsohuwa da ba ta da ko akuya. Kai ake jira. Kuma in na fita yau da kaya, a bayana za su biyo har inda kuke."

"Wallahi gobe ina hanya."

Inna ta miƙe tsaye. Tunda ta haife shi ba ta taɓa kiran sunansa ba, saboda kunyar ɗan fari. Ba ta taɓa rungumarsa a gaban mutane ba, ba ta kuma taɓa yi masa baki ba. Ta rintse ido.

"In ka tako ƙofar gidan nan, ban yafe maka nonon da ka sha ba."

Sai ta ji wani sauti da ba ta ji ba tun yana yaro. Namiji mai shekara arba'in yana kuka a tsakiyar filin jirgi. Ta kashe wayar, ta zauna a dandaryar ƙasa, ta cusa gefen hijabinta a baki don kada maƙwabta su ji nata.

Shafa'atu ce ta kawo dabara, bayan kwana biyu gidan ba a ɗora tukunya ba.

"Ƙofar gida kika hana shi, ba ki hana shi titi ba. Ranar kasuwa motoci nawa ke wucewa? Su biyo ta Malumfashi, su ratso Kankara, su fita ta Funtuwa. Nasir mijin ɗiyata ya ɗauko su a tsohuwar motarsa ta haya. Ke ko ki zauna kusa da tirena kamar kin fito shan iska. Mai takaba ai tana fita da rana in da buƙata. Su tsaya sayen gyaɗa, ki gan su, su wuce."

"In wani ya gane shi fa?"

"Shekara tara, ga ƙiba, ga takunkumi a fuska? Ni kaina sai na duba sau biyu."

Salahuddeen ya yarda. Aka yi sharaɗi: ba gaisuwa, ba fitowa daga mota, yaran ba za su buɗe baki ba. Minti uku.

Ranar kasuwa tun ƙarfe goma Inna na zaune a kan ɗan kututture a bayan tiren Shafa'atu. Ta zuba ledojin nan a ƙasan wani baƙin buhu, ta rufe su da rogo. Rana ta daki kanta. Masu wucewa suna yi mata gaisuwa, tana amsawa ido na kan hanyar Kankara. Tsallaken titi ga shagon Badamasi, samari biyar a kan benci, kowanne da waya a hannu. Ta dube su ɗaya bayan ɗaya. Biyu ita ta yi wa uwayensu wankan jego. Ba ta san wane ne mai kai wa 'yan bindiga labari ba. Wataƙila ma babu shi a cikinsu. Wannan rashin sanin shi ya fi ci mata rai.

Sai bayan azahar motar ta ɓullo, ja ce da ta koɗe, an ɗaura mata buhunan albasa a baya. Ta rage gudu, ta tsaya daidai tiren. Nasir ya leƙo.

"Mai gyaɗa, ta yau ce ko ta jiya?"

"Ta bara ce," Shafa'atu ta ce. "In za ka saya ka saya."

Inna ta ɗago kai a hankali. A kujerar baya ga wani mutum da tsohuwar hula da takunkumi. Idanun Malam ne sak, sun yi ja. Shekara arba'in tana kau da kai daga wannan fuskar don kunya, yau da take son ta kalle ta har ta ƙoshi, dole ta sake kau da kai. Kusa da shi yarinya ce cikin hijabi ruwan toka da ya yi mata yawa, ta haɗe leɓɓa tamau kamar yadda aka umarce ta, hawaye na gangaro mata. Goshin Inna ne da ita, har da ɗan gashin da ke saukowa tsakiya.

Ta tashi, ta ɗauki baƙin buhun.

"Ga rogon da kuka ce," ta faɗa, muryarta kamar ta wata.

Ta matso jikin tagar. A lokacin ne Uwais, wanda barci ya ɗauke a cinyar uban, ya buɗe ido. Ya dube ta. Ya dubi tsagar kumatunta. Fuskarsa ta washe gaba ɗaya, ya miƙe a kan gwiwoyinsa, ya zuro hannu biyu ta taga ya cafke hijabinta.

"Kaka! Kaka ce! Baba, ka gani!" Sauran maganar ta ɓarke masa da Turanci, da ƙarfi, irin Turancin da ba a koyarwa a kowace makaranta a nan ƙasar Faskari.

A tsallaken titi, kai biyu suka ɗago daga waya.

Hannun yaron na da ɗumi, da taushi, yana ƙamshin wani sabulu da ba ta sani ba. Duk jikinta ya ce ta sunkuce shi ta cusa shi a ƙirjinta. Sai ta ɗaga hannunta ta kai wa nasa duka, duka na gaske, har ya yi ƙara.

"Kai, sakar mani tufa! Ɗan wa ye wannan marar tarbiyya? Kowace tsohuwa ka gani kakarka ce? Malam, ka riƙe ɗanka, ka bar shi yana kallon talabijin har ya lalace!"

Yaron ya saki hijabin. Bai yi kuka nan take ba. Ya dubi bayan hannunsa, ya dube ta, kamar yana jiran ta yi dariya ta ce wasa ne, ta kira shi angonta. Ba ta yi ba. Ta tura buhun ta taga, ta juya musu baya. Wani a kan bencin ya tuntsire da dariya ya ce, "Inna ba ta ɗaukar raini!" Kawunan suka koma kan waya.

Tana jin kukan ya tashi, tana jin Nasir ya ba motar wuta. Ba ta waiwaya ba. Shafa'atu ce ta bi su da ido har suka shige kwanar Mairuwa, ta ce a hankali, "Babu mashin ɗin da ya bi su."

Inna ta ci gaba da zama a kan kututturen har kusan awa guda, don kada a ce tafiyar motar ce ta tashe ta. Sannan ta koma gida, ta yi alwala, ta ajiye wayar a kan sallaya tana kallo.

Ana kiran la'asar ya kira. Sun wuce Funtuwa, sun kama hanyar Zariya, lafiya lau.

"Alhamdulillahi," ta ce. "Alhamdulillahi. Na yafe maka, duniya da lahira. Ba ni angona."

Ta ji yana lallashi, ta ji motsin wayar, ta ji Ikhlas na cewa karɓa mana. Sai ƙaramar muryar ta fito daga nesa, a dishe, tana maimaita kalma ɗaya.

"Mi yake cewa?" Inna ta tambaya.

Salahuddeen ya mayar da wayar kunnensa.

"Ya ce ba ke ba ce. Ya ce kakarsa tana cikin waya, kuma ba ta duka." Ya ja numfashi. "Ki ba shi lokaci, Inna. Yaro ne, zai manta."

"To," ta ce. "A shafa masa mai a hannun."

Bayan kwana biyar jirginsu ya tashi. Ranar Lahadi ta yi wanka, ta zauna a inuwar ɗakin Malam inda network ya fi kamawa. Ikhlas ta gaishe ta, ta nuna mata miyar kukar da aka yi da daddawar Sabuwa, ba a zubar da ko leda ɗaya ba. Sai aka juya wayar. Inna ta ga gefen kujera, da ƙafar yaro cikin safa yana janye ta daga hoton. Ta kira shi marowaci, ta kira shi angon da ba ya cefane. Ta jira. Ƙafar ba ta dawo ba.