Katin Askirim da Kwat ɗin Dikko

A bayan garejin kamfani a unguwar Ain Khaled aka ƙulla cinikin, ana gab da fara gasar kofin duniya a ƙasar. Masahudu, ɗan Zangon Kumasi mai tuƙa bas ɗin lebura, ya zaro katuna daga aljihu ya baza wa Dikko kamar za su yi karta.

"Baba Dikko, kowanne riyal hamsin ne a ciki. Askirim, kek, duk abin da ranka ke so, a wani shago a Al-Sadd. Kawo talatin-talatin, khalas, shi ke nan."

"Ina ka samo?"

"Kafil, mai kamfaninmu, ya raba mana tun korona. Ni ba na shan zaƙi."

"Ashirin da biyar. Ku 'yan Gana kun fitar da mu daga ƙwallo, kuma ku cuce mu a ciniki?"

"Ku kuka fitar da kanku, Baba. Kawo."

Dikko ya kwashe duka, yana yi wa ɗan Gana dariya a zuci. Sai da ya je shagon, Shakira mai sayarwa ta karanta masa sharaɗi. Kati sau ɗaya ake goga shi, abin da ya rage a ciki ya tafi ke nan, kuma duk katunan ranar wasan ƙarshe za su mutu.

To, Dikko yana da abin da yake lallaɓawa. Bayan shekaru yana jigilar lebura, an ɗauke shi tuƙa manyan baƙi a baƙar mota mai sanyi. An auna shi an ɗinka masa kwat guda ɗaya tak, manaja kuma ya faɗa da babbar murya cewa duk direban da maɓallinsa bai rufe ba, bas zai koma.

Da farko yakan kai wa 'yan ɗakinsu askirim ɗin, ko da yake kafin ya isa gida ya zama kunu. Ɗalhatu ya sha har haƙori ya kwantar da shi. Zulkiflu kuwa da ya hango leda sai ya ce azumin nafila yake.

"Bayan isha'i?"

"Na gobe na fara, Baba."

Sai Dikko ya tunkari abin shi kaɗai. Kullum idan ya sauke baƙo a filin wasa, sai ya zarce Al-Sadd ya zauna gaban kofuna kamar mai aikin kwangila, yana sha yana gumi.

"Kawu, ba dole ba ne fa," in ji Shakira.

"Yarinya, ba ki san kasuwa ba. Duk cokalin da na kai baki, rabin kuɗinsa aljihuna yake komawa. In na bari, wa na bar wa? Ƙaro mai gyaɗar nan."

Kwat ta fara magana. Ya kai wa tela ya matsar da maɓalli, ya sake kaiwa, a karo na gaba tela ya ce yadi ya ƙare, sai dai ya ɗinka a iska. Da safe idan manaja ya zo duba direbobi, Dikko yakan haɗiye numfashi ya tsaya ƙiƙam idanu waje. Manaja har yaba masa yake, wai ga direba mai ladabi, ba ya surutu.

Ranar wasan ƙarshe kati biyu suka rage. Ya tsaya ƙofar shagon ya dubi katunan, ya dubi maɓallin da ke riƙe da zare ɗaya. Ya ce a ransa maɓalli dai ba shi ya saya ba, kati kuwa shi ya saya. Ya shiga.

Da la'asar ya je otal ɗauko wani attajiri da matarsa, manaja na tsaye yana rakiya. Dikko ya buɗe ƙofa ya rusuna yadda aka koya musu. Maɓalli ya tashi kamar an harba da gwafa, ya daki gilashin otal, ƙwas! Attajiri ya kwanta ƙasa ya rufe kai, masu gadi suka rugo suna neman maharbi. Dikko ya sunkuya ya ɗaga baƙon, nan kwat ta tsage tun daga wuya har ƙasa.

"Yalla, kawo makulli," in ji manaja. Ya buga waya gareji a turo duk direban da ba shi da tumbi. Masahudu ne ya zo.

Wanda ya ci dai Masahudu ne, ya sayar da kyauta kuma ya shige mota mai sanyi. Tela ma ya samu nasa. Dikko ya koma bas da tumbin da ke taɓa sitiyari. Amma har yau idan ka zauna da shi zai rantse maka cewa shi ya ci ɗan Gana, don ko riyal ɗaya bai bari ya mutu a kati ba.