Gwiwar Mujitaba

Duk garin Ƙofa babu mai yi maka musu cewa Mujitaba ƙaƙƙarfa ne. Buhun masara sungumarsa yake yi kamar matashin kai. Burinsa a bana guda ɗaya ne: ya shiga cikin 'yan kokawar da za su wakilci garin a gasar kaka ta Kiru. Gurbi ɗaya ya rage, kuma shi da Datti ke nemansa.

Damuwarsa ita ce Baba Ɗahiru, tsohon ɗan kokawar da ke horar da samari a filin bayan firamare. Tsohon nan kamar kalma ɗaya ya iya. Da Mujitaba ya sunkuya zai shiga ƙarƙashin abokin karawa, sai ya ji, "Gwiwa." Ya sake, "Gwiwa." A dokar filinsu kuwa, wanda gwiwarsa ta fara taɓa ƙasa shi aka kayar.

Wata rana haushi ya ci ƙarfinsa. "Baba, wai ni kaɗai ke da gwiwa a filin nan?"

"Kai kaɗai ke neman kai ta ƙasa," in ji tsohon. "Ɗaukar kaya ce ta saba maka. Ka je ka yi ta atisaye kai kaɗai, ban hana ba. Amma ka riƙa dawowa ina gani."

Rabin farko na maganar Mujitaba ya ɗauka, ya bar wa Baba sauran. Ya cika buhun taki da rairayi, ya kai gonarsu ta noman rani, kullum da safe ya ɗaga ya maka da ƙasa. Buhu kuwa abokin kirki ne, ba ya cewa gwiwa, ba ya cewa komai. Damatsan Mujitaba suka ƙara murɗewa. In ya hango Baba Ɗahiru a hanya sai ya karya kan babur ya bi wani lungu.

Ranar fitar da gwani, bayan la'asar, fili ya cika, makaɗa suka saki ganga. Datti bai kai shi jiki ba, kowa ya gani. Mujitaba bai ɓata lokaci ba, ya nutsa ƙasa, ya cafki cinyoyin Datti, ya ɗaga shi sama ya shimfiɗe shi. Ihu ya tashi. Har ya fara zagaya fili yana dukan ƙirji sai ya ga alƙalin wasa, Malam Uba, ya ɗaga hannun Datti.

"Haba Malam, kowa ya ga wanda ke kwance."

Malam Uba bai yi gardama ba, yatsa kawai ya nuna. Ga shatin gwiwar dama a kan rairayi, raɗau, kamar an danna ƙoƙo. Mujitaba ya tsaya yana kallonsa. Wallahi bai ma ji lokacin da ta sauka ba, kuma wannan ne ya fi ƙona masa rai.

Da jama'a suka watse, ya iske Baba Ɗahiru yana naɗe tabarmarsa. Ya durƙusa ya gaishe shi.

"Ran nan a kasuwar Bebeji na hango wandonka ya huje a gwiwar dama," in ji tsohon. "Na san abin da buhunka ke koya maka. Na ɗaga maka hannu, ka yi kamar ba ka gan ni ba."

Ranar da mota ta tafi Kiru da Datti a ciki, Mujitaba bai je rakiya ba. Gona ya nufa, ya ɗaure buhun a bayan babur, ya kawo shi ƙofar gidan Baba Ɗahiru. Tsohon na zaune a zaure yana shan koko.

"Baba, ga shi. Daga yau a gabanka zan riƙa ɗagawa."

Ya sunkuya zai shigar da buhun ciki. Baba Ɗahiru ya ajiye ludayi.

"Gwiwa."

Mujitaba ya duba. Tana ƙasa. Ya saki buhun, ya koma baya ya sake gyara tsayuwa.