Mazurarin Wofa Antwi

Bakin ƙarfen ya ƙi haɗuwa. Massa Oduro mai walda ya danna shi da gwiwa, ya matsa iya ƙarfinsa, amma tsakanin gefe da gefe akwai giɓin da tafin hannuna zai shige.

"Afrakoma, kira min maƙwabcinki," in ji shi yana sharce gumi. "Ki ce masa kwamfutarsa ta kwana da bammi."

Shagona na kusoshi da fenti a jingine yake da kwantenar Wofa Antwi, wato Kawu Antwi, a layinmu na maƙera a Suwame. Shi ba ya riƙe guduma. In an kawo aikin mazurari, na injin niƙa ko na bututun hayaƙi, sai ya gina shi a cikin kwamfuta, ya jujjuya shi ta kowace fuska, sannan ya danna wani wuri, abin ya warware ya kwanta kamar mafici. Wannan shimfiɗaɗɗen zanen ake bugawa a takarda, a ɗora kan fallen ƙarfe, a yanka, a naɗe. Tun da nake wurin ban taɓa ganin an naɗe nasa ya ƙi haɗuwa ba.

Na kira shi, Wofa ya fito yana ɗan jan ƙafar hagu. Ya daɗe yana kallon giɓin.

"Kai ka yi yankan mahauta," ya ce.

Oduro ya ɗauko takardar ya naɗa ta a jikin ƙarfen. Ko tsinin allura yankan bai kauce ba. Wofa ya juya ya koma ciki, na bi shi.

"Karanta min wannan lambar," ya ce, yana nuna fuskar kwamfutar.

"Ga tabarau a hancinka, Wofa."

"Karanta dai."

Na karanta. Ya matso da fuskarsa har numfashinsa na taɓa gilashin. "Ina kika ga lambar farkon? Ni ban gan ta ba."

Washegari na kai masa dafaffen doya da miyar ganye daga wajen mai abincin layinmu. Da na koma ɗaukar faranti, na tarar ya cinye na gefen dama tas, na hagu kuwa ko taɓa shi bai yi ba, kamar an raba da wuƙa.

"Wannan matar ta fara rowa," ya ce. "Ɗan wannan ne abincin babban mutum?"

Na juya masa farantin a hankali. Ya zabura kamar na yi tsafi. Muka kalli juna. Sai ya yi 'yar dariya ya ci gaba da ci.

Da yamma na biya gidansa. Matarsa, Maame Pokuwa, tana dakan sakwara a tsakar gida. Ta ajiye taɓaryar tun kafin in gama magana.

"Jiya ɓarin gemunsa ɗaya ya aske ya fita," ta ce. "Na yi roƙo, na yi faɗa, na haɗa shi da limamin cocinmu. Wai sai ya gama aikin mutumin garin Techiman mai mazurarin nan. Wai a kansa aka ɓata fallen nan, ba zai kwanta a gadon asibiti ana nuna mazurarinsa ana dariya ba."

Ba wanda ya yi dariyar. Oduro ma ya mirgina lalataccen mazurarin bayan shagonsa ya rufe da buhu. Amma Wofa ya daina zama a bencin ƙofa inda muke hira. Daga shagona ina jin ƙarar linzamin kwamfutar, ƙyas, ƙyas, sai dogon shiru, sai tsaki. Wani lokacin ya buga bangon kwantenar ya ce, "Afrakoma, zo ki ara min idonki." In je in karanta masa lambobin ɗaya bayan ɗaya, yana maimaitawa kamar ɗan firamare.

"Tsoho, je a duba maka injinka mana," Oduro ya ce da shi ran nan. "Mota ma ana kai ta gareji."

"In an buɗe tsohon inji, ba a sake haɗa shi daidai. Kai ka fi kowa sani."

"Ni na haɗa waɗanda suka girme ka."

"Shi ya sa duk suke tari," in ji Wofa. Ya so ya yi murmushi, amma ɓarin bakinsa ɗaya ne kawai ya ɗaga.

Ran Alhamis da safe ya fito da sabuwar takarda naɗe a hammata. Ya sa riga fara mai guga, irin wadda ba a sawa a layinmu.

"Maame za ta zo da rana ta kai ni asibiti wajen masu allurar nan," ya ce min. "Kin ji daɗi? Kun ci ni da yaƙi." Ya miƙa wa Oduro takardar. "Ka yanka a hankali. Kaina na sarawa kamar ana bugun ƙarfe a ciki."

Oduro ya yanka, ya sa fallen a injin naɗi. Ina auna wa wani direba kusoshi na ji kujera ta gurji ƙasa a cikin kwantenar, sannan wani abu mai nauyi ya bugi tebur. Na saurara ko zan ji tsaki. Ban ji ba.

Na shiga na tarar da Wofa kuncinsa na kan teburin, tabarau ya karkace, hannunsa na dama bai saki linzamin ba. Na kira sunansa, na girgiza shi, na fasa ihu. Oduro ya shigo a guje da baƙin gilashin walda a goshi. Ya kara kunne a ƙirjinsa, ya daɗe a haka. Wani ya ce a kira tasi. Oduro ya ɗago, ya cire gilashin daga goshinsa ya riƙe a hannu, ya girgiza kai.

Labarin rasuwar ya bi layin daga shago zuwa shago. Na ji guduma ta yi shiru a nan, injin yanka ya mutu a can, har ya zama ba abin da ake ji sai rediyon wani daga nesa, shi ma aka kashe.

Na fito ƙofa. Can bakin layi ga Maame Pokuwa cikin zanen fita, da jaka a kafaɗa da lema a hannu. Ta yi 'yan taku, sai ta tsaya. Ta dubi maƙera tsaye a ƙofofin shagunansu, hannuwa a saki, ba mai kallon ta. Ta naɗe lemarta a hankali, ta tsaya a cikin ranar.