Suhaibu Ya Rage Zuwa Zance

Duk wanda ya san Suhaibu a Kura ya san cikinsa ba ya riƙe sabon abu. Manomin rani ne, yana da fili a bakin kanal inda yake noman tumatir da albasa. Amma tun da ya shiga karatun difloma na ƙarshen mako a cikin Kano, ko ban ruwa yake yi sai ka ji shi yana yi wa fangalin albasa lakca.

Wata Asabar malaminsu na tattalin arziki ya zana tsinken tsire a allo. Ya ce in kana jin yunwa ka ci tsinken farko, har kunnenka sai ya motsa don daɗi. Na biyu ma da daɗi, amma bai kai na farko ba. Kafin ka kai na shida kana waige-waigen wanda zai taya ka. Wannan, in ji shi, ita ce dokar raguwar gamsuwa: duk abin da mutum yake ta samu a jere, daɗin kowane ƙari raguwa yake yi, kuma mai saye mai hankali shi ne wanda ya san inda zai tsaya.

Suhaibu ya ji kamar an buɗe masa taga a ka. A hanyar komawa gida ya tsaya wajen mai rake ya gwada, dokar ta tabbata. Ya gwada da kankana, ta sake tabbata. Ya hau babur yana dariya shi kaɗai, har wani mai adaidaita ya leƙo ya tambaye shi ko lafiya. Sai da ya kusa shiga gari Muhsina ta faɗo masa a rai, ya taka birki a tsakiyar titi.

Muhsina ita ce yarinyar da yake nema, 'yar Malam Hammadu mai shanu da gonar shinkafa a wani ƙauye gab da Bunkure. An ba shi izinin zuwa zance, manya ne dai ba su shiga maganar ba tukuna. Kuma tun da aka ba shi izinin nan bai taɓa fashi ba, kullum bayan la'asar yana ƙofar gidan. Ya tuna ranar farko: ta fito da sabon hijabi, ga ƙamshi, ga fura a kwanon sha mai murfi. Ya tuna jiya: da zanen aikin gida ta fito, tana ɓarar gyaɗa, har ta yi hamma yana cikin magana.

"Innalillahi," ya ce. "Na zama tsinke na shida!"

Ko ɗan ƙauye da bai taɓa shiga aji ba ya san wannan sabo ne, yarinya ta saki jiki da mutum ta daina yi masa kallon baƙo. Amma Suhaibu yana da doka a hannu, kuma mai sabuwar doka ba ya jin kira.

Ya isa gida ya tarar da yayarsa Indo tana yanka tumatir za ta shanya. Ya tsuguna ya zayyana mata dabararsa: zai daina zuwa na ɗan lokaci, waya ma ba zai ɗauka ba, har sai darajarsa ta koma irin ta ranar farko.

Indo ta ajiye wuƙa. "Kai Suhaibu, a garin nan aka haife ka kuwa? In saurayi ya ɗauke ƙafa babu bayani, ai fassararsa ɗaya ce. Ya fasa."

"Yaya, wannan ilimi ne, ba za ki gane ba."

"To Allah ya ba da sa'a, Furofesa."

Kwanakin da suka biyo baya Suhaibu kamar zai tashi sama. In wayarsa ta yi ƙara ya ga sunan Muhsina, sai ya ɗora ta a kan kunya ya shiga taka rawa a cikin taɓo, yana cewa gamsuwa tana hawa. Ya riƙa kwatanta ranar da zai koma: za ta fito da gudu, wataƙila har ta manta takalmi. Gaskiya shi ma yana shan wuya. La'asar na yi sai ya fara duban hanya, rannan ma sai da ya kai rabin hanyar Bunkure kafin ya tuna ya juya kan babur. Amma ya daure. Kiran ya fara raguwa, daga baya ya tsaya cak, shi kuwa ya ce ai taruwa kewar take yi, kamar ruwa a bayan dam.

Da ya koma aji, malamin ya shiga babi na gaba. Ya ce mai saye ba ya zama da hannu biyu don abin da yake so ya ɓace daga kasuwa, madadinsa yake nema. "Ga misali a gida. In ɗanyen tumatir ya yi wuya, uwargida zama take yi tana kuka? Busasshe za ta saya, ko na leda."

Suhaibu manomin tumatir ne, wannan bai buƙaci a zana masa a allo ba. Ya ɗaga hannu.

"Malam, ko da ɗanyen take so?"

"Ko da shi take so. Ai dole a yi miya."

Bai jira an tashi ba. Yana fita ya kira Indo a waya, ita kuwa kamar jira take. "Au, sai yanzu? Amiru mai injin casar shinkafa kullum motarsa tana ƙofar gidan su Muhsina. Har 'yan bakin kanal sun san lambarta."

Yadda ya tuƙa babur daga Kano zuwa Bunkure, Allah ne kawai ya tsare. Ya isa hula a karkace, riga duk ƙura, littafin karatun yana leƙowa daga aljihu. Ya yi sa'a babu mota a ƙofar gidan. Ya kira ta a waya, ta daɗe kafin ta fito da tabarma, ta shimfiɗa, ta zauna can gefe.

"Malam Suhaibu. Ashe kana duniya."

Ya fara bayani bai ko gama gaisuwa ba. Ya kawo tsire, ya kawo rake, ya kawo hammar da ta yi, har da zana layi a ƙasa da tsinke yana nuna mata yadda gamsuwa take gangarowa. Muhsina ta yi ta kallonsa. Can sai dariya ta ƙwace mata, ta rufe fuska da hijabi, kafaɗunta suna rawa.

"Wato tsire ka mayar da kanka? To malaminku bai yi ƙarya ba. Ranar da Amiru ya fara zuwa, labarin injinsa ya burge ni. Washegari ma injin. Jibi injin. Yanzu ko ƙarar motarsa na ji sai kaina ya fara ciwo."

Suhaibu ya yi tsalle ya miƙe, har kajin gidan suka watse. "Kin gani! Dokar ta yi aiki! Wallahi sai na faɗa wa Yaya Indo!"

"Zauna, ban gama ba."

Ya zauna yana ta washe baki.

"Baba ya ce in faɗa masa wanda zai turo manyansa, ya gaji da ganin tabarma a ƙofar gida. Ban ba shi amsa ba tukuna." Ta sunkuyar da kai tana jan zaren tabarmar. Dariyar ta bar muryarta. "Ranar farko da ba ka zo ba, ban ci abinci ba. Na yi kuka har Inna ta zaci zazzaɓi ne. Washegari ma na yi, amma bai kai na farko ba. Haka ya yi ta raguwa. Shekaranjiya sai da aka kira magariba na tuna ba ka zo ba."

Murmushin ya bushe a fuskar Suhaibu. Tsoro ya kama shi, irin wanda bai ji ba ko da aka ambaci motar Amiru. Ya yi maza ya ce, "Gobe zan zo. Da jibi. Kullum zan zo, Muhsina."

Ta miƙe, ta jira ya tashi, ta naɗe tabarmar ta rungume ta a ƙirji. A bakin zaure ta juyo ta dube shi, ba fushi a idonta ko kaɗan.

"Ka zo mana," ta ce. "Ni ma ina so in ga ko zan ji wani abu."