Kyandir a Hannun Tanti Safta

Tudora na durƙushe tana gwada wa 'yarta Mirela kambin furanni a ka, sai ga Rubina, jikar tsohuwa Safta, ta turo ƙofar shinge ba ko takalmi. Ta ce kakarta ta daina amsa kira, numfashinta na fita da wani irin ƙara, kuma babu kyandir a gidan.

Tudora ta miƙe, kambin na hannunta. A ƙauyensu babu abin da ake tsoro kamar mutum ya cika ba kyandir a kunne a hannunsa. Tun tana ƙarama take jin cewa wanda ya tafi haka, cikin duhu zai yi ta laluben hanya, kuma alhakin yana wuyan maƙwabta.

To amma Safta ce. Tsohuwar da ke ƙarshen layi, inda kwalta ta ƙare, ita kaɗai da jikarta tun da iyayen yarinyar suka tafi aikin gona ƙasar Sifen. Tsigan ce, ƙabilar da ake ƙyama a ƙauyen, kuma matan layin ba sa shiga gidan Tsigan. Ana gaisawa ta kan shinge, shi ke nan.

Kuma ranar ce ake taron rufe makaranta. Da can, wanda ya zo na ɗaya kaɗai ake sa wa kambi. Bana shugabar makaranta ta ƙaro ɗaya, na kirki da ƙarfin hali, ya faɗo kan Mirela, don ita ce ta ɗauki jakarta ta koma benci ɗaya da Rubina lokacin da duk ajin suka ƙi, ta sha tsokana har shekara ta ƙare. Tudora ta gaya wa kowa, har mai kawo burodi. Abin da ba ta gaya wa kowa ba, ita ce ke duba kan 'yarta kowace yamma ko ta kwaso kwarkwata.

Ta leƙa ta kan shinge ta kira Floarea, maƙwabciyarta, wadda ta saba zama da masu jinya. Floarea na shanya, ba ta ko juyo sosai ba.

"Ni? Ai gidanku aka ba kambin kirki, Tudora. Mu ɗanmu ya faɗi lissafi."

Tudora ta ce a kira limamin coci. Floarea ta ce ya tafi jana'iza ƙauyen gaba, sai la'asar. Tudora ta ce wa Rubina ta koma, za a samu wani ya zo, su yanzu sun makara zuwa taron makaranta. Tana faɗa tana jin kunyar bakinta.

Ba ta ga lokacin da Mirela ta shige ɗaka ba. Sai ganinta ta yi ta fito da kyandir ɗin bikin Ista da suke ajiyewa bayan hoton Maryama.

"Ajiye wannan. Yara ba sa riƙe wa mai mutuwa kyandir."

"To ki zo ki riƙe, Mama."

Yarinyar ba ta jira amsa ba, ta kama hannun Rubina suka bi layi da gudu, farar rigarta na kaɗawa. Labule ya motsa a gida biyu. Tudora ta ajiye kambin a kan benci, ta ɗauki ashana, ta bi su da takalmin fita da ke matse mata ƙafa.

Ɗakin Safta ƙarami ne, a share tas, yana ƙanshin busasshen ganyen shayi. Wannan ya ba ta mamaki, mamakin kuma ya ba ta kunya. Safta na kwance, baki a buɗe, numfashi ya zo, ya tsaya, ka ce shi ke nan, sai ya dawo.

Ashanar farko ta karye. Ta biyu ta kama, iskar taga ta kashe ta. Numfashin ya tsaya. Tudora ta ce wa Mirela ta rufe tagar nan, ta ƙyasta ta uku, ta kare ta da tafin hannu. Lagwanin ya daɗe bai ga wuta ba, ya yi baƙi kafin ya yarda ya kama. Tsohuwar ta ja wani numfashin.

Yatsun Safta ba su iya riƙewa ba. Dole Tudora ta zauna a bakin gado, ta naɗe su a jikin kyandir ɗin, ta rufe da nata hannun.

"Tanti Safta, ni ce Tudora. Ga haske, riƙe."

Idon tsohuwar ya buɗe kaɗan, ya tsaya kan wutar, sannan ya koma kan Tudora.

"Uwar Mirela," ta ce, da ƙyar ake ji. "Ba a ba ki kujera ba."

Daga can makaranta lasifika ta fara kiɗa, aka shiga kiran sunaye. Mirela ta ji nata, Tudora ma ta ji. An kira, an sake kira, aka wuce. Yarinyar na tsaye rungume da Rubina, ba ta ko dubi ƙofa ba.

Safta ta cika kafin a gama taron, wutar na ci a hannunta. Tudora ta yi alamar gicciye, ta shafa mata ido. Ta ce wa yaran su fita su gaya wa Floarea ta ɗora ruwan wankan gawa, ba roƙo take ba, kuma su faɗa mata haka.

Da ta zo zare hannunta sai ya ƙi. Kyandir ɗin ya narke ya gangaro, ya daskare a kan yatsunsu, nata da na tsohuwar. Ta zauna tana ɓamɓarewa da farce, a hankali, don kada ta ji wa Safta ciwo.