Gwiwoyin Kumatu

"Riƙe min ƙafarta da kyau," in ji Maman Kumatu. "Ba lallashi na ce ka yi ba."

Mijin ya danne ƙafar yarinyar a kan cinyarsa yana kawar da kai, kamar shi za a yi wa aikin. Ita kuwa ta sunkuya da hantsaki, ta kamo bakin sartsen da ya shige gwiwar, ta zaro shi a hankali. Ɗan siriri ne, bai fi ƙwayar shinkafa ba, amma kukan da Kumatu ta tsala sai da maƙwabciya ta leƙo ta taga tana tambayar ko lafiya.

Yarinyar tana da sunanta na gaskiya, sai dai tun ranar da kakarta ta ɗaga ta ta ce, "Wannan ai kumatu ce zalla," babu wanda ya ƙara kiranta da shi. Tunda ta fara rarrafe ba ta zama wuri ɗaya. Gidan kuma tsoho ne, sun saye shi tun tana cikin uwarta, daɓen falo da na ɗakuna duk dogayen katakai ne a jere. Sun dushe, sun yi baƙi-baƙi, wasu sun tsattsage, na bakin ƙofar kicin har lotsawa suke yi in an taka. An shimfiɗa darduma, Kumatu ta gane cewa duk abin daɗi yana can inda dardumar ta ƙare.

"Katakon nan zai bar gidan nan," in ji uwar tana shafa wa gwiwar magani. "A ɓamɓare shi a sa tayil kamar gidan kowa."

"Haba, Maman Kumatu. Irin wannan katakon yanzu ko da kuɗinki ba za ki samu ba. Ki ba ni mako ɗaya, zan nemo mai gyara."

"Makon nan ka fara nemansa tun kafin ta iya zama."

Gaskiya ce kuwa. Shi ne ya nace a sayi gidan, kuma saboda katakon ne. Ranar da suka zo dubawa har takalmi ya cire ya yi ta zagaye falon babu komai a ciki, dillali yana kallonsa. Ya duba agogo, ya ɗauki farar rigarsa ta aiki, don a ɗakin gwajin jini yake a asibiti kuma yau yana da aiki. Ya sumbaci gwiwar 'yarsa, ya fita ba tare da ya dubi daɓen ba.

Ita ranar hutunta ce. Ta goya Kumatu, ta hau bas zuwa kasuwar kayan gini, inda yayanta yake da shagon tayil. A cikin bas ɗin wata tsohuwa ta ga filastar da ke gwiwar yarinyar, ta tambaya, kafin su sauka rabin motar sun ba da shawara. Wani ya ce siminti, wata ta ce leda, kwandasta ya ce a saya wa yarinyar dogon wando a huta.

Yaya yana zaune a bakin shago yana shan shayi. Da ya ji abin da ya kawo ta sai ya miƙe yana murza hannu.

"Auta, yau kin yi hankali. Tun yaushe nake gaya wa mijinki? Mutum ya zauna a cikin akwati kamar kayan gwanjo."

"Yaya, mijina ne fa."

"To ai shi ya sa ban faɗi sauran ba."

Ya shimfiɗa mata samfura a ƙasa, farare masu ƙyalli kamar madubi, masu ruwan toka, da wasu da aka yi musu zanen katako. Ta daɗe tana kallon waɗannan na ƙarshen.

"Wato in cire katako in sa hoton katako?"

"Shi ake yayi," in ji Yaya, ko kunya babu.

Ta kwance goyon ta ajiye Kumatu a kan fari mai ƙyallin. Yarinyar ta ɗora tafin hannu, ta ji sanyi, ta ɗago ta dubi uwarta. Ta yunƙura za ta rarrafa, gwiwoyin suka zame kowacce ta yi nata wuri, ta baje a kan cikinta kamar kwaɗo. Ba ta yi kuka ba, sai dai kallon da ta yi wa kawunta ya sa masu shagon kusa suka fashe da dariya.

"Akwai marar santsi," Yaya ya yi sauri ya ce. "Kuma yara sabawa suke yi."

"Aikin zai ɗauki kwana nawa?"

"Sai an ɓamɓare, an cike, an zuba siminti ya bushe, sannan a ɗora. Ki ce wata guda, in masu aiki ba su gudu wani wurin ba. Amma cirewar ba za ta ci miki komai ba. Akwai wani kafinta a layin baya, shi nema ma yake yi. Bari in kira miki shi."

Kafintan dattijo ne gajere, da fensir a maƙale a bayan kunne. Da aka ce masa tsohon daɓen katako ne, bai tsaya ciniki ba, ya ɗauko jakar kayan aikinsa ya ce su tafi yanzu. Shi ya biya kuɗin bas ma, abin da ya sa Maman Kumatu ta fara kallonsa ta gefen ido.

Da suka shiga falon ya tsaya a bakin ƙofa yana duban daɓen. Sannan ya durƙusa ya ƙwanƙwasa katako ɗaya da bayan yatsa, ya matsa ya ƙwanƙwasa wani. Ya zaro sukurdireba ya soka a wata tsaga, ya duba bakinta. A bakin ƙofar ɗaki ya ɗaga ƙarfen da ya rufe gaɓar, ya leƙa kaurin katakon, ta ji ya ja numfashi ya kuma yi sauri ya mayar da shi tari.

"Ya tsufa, Hajiya," ya ce yana karkaɗe gwiwa. "Amma kada ki damu. Gobe zan zo da mota in kwashe miki shi tas, har shara zan yi. Ba sai kin ba ni ko sisi ba."

"Allah Ya saka. Sai ka kai shi ina?"

"Wurin aikina."

"Ka yi me da shi? Girki?"

Ya sosa ƙeya. "A'a. Akan ɗan goge shi da inji, a cike tsagogin, a shafa masa mai. Akwai masu gina manyan gidaje da ke son irinsa."

Ta gyara wa Kumatu zama a kafaɗarta. "Baba kafinta, wato za ka cire shi daga falona, ka goge, ka shimfiɗa a falon wani."

"Kusan haka."

"To shi injin naka, ba ya shiga ƙananan gidaje ne?"

Dattijon ya dube ta, ya dubi katakon, sai dariya ta ƙwace masa har ya dafa bango. "Yayanki bai gaya min irinki ba ce. Yana shiga, Hajiya. Ko ta wannan ƙofar zai shiga."

Daga nan maganarsa ta sauya. Ya ce bari ya nuna mata ta gani da idonta, kada ta ce daɗin baki ne. Ya zaɓi wani wuri a bayan ƙofa, ya naɗa takardar goge katako a jikin wani guntun itace, ya shiga gogawa. Baƙin ya riƙa tashi kamar garin toka. Da ya share da tafin hannu sai ga wuri kamar faɗin faranti, fari tas, da jijiyoyin itacen a kwance suna lanƙwasa. Ya jiƙa tsumma da ɗan mai ya shafa. Wurin ya koma ruwan zuma.

Maman Kumatu ta tsuguna ta shafa da bayan hannunta, sannan da cikin damtsenta inda fata ta fi laushi. Babu abin da ya kama ta.

"Duk falon haka yake a ƙasa?"

"Ba duka ba, kuma gara in faɗa miki tun yanzu. Gara dai ba ta ci shi ba, kaurinsa kuma zai ɗauki guga. Amma na bakin kicin ruwa ya gama da su, sai an sa sababbi, kuma duk yadda na yi launinsu ba zai zo ɗaya da tsofaffin ba, mai ido zai gani. Wancan baƙin tabon na tsakiya, inda wani ya taɓa ajiye tukunya mai zafi, zai ragu amma ba zai tafi ba. Ƙura za ta cika gidan, man kuma yana da wari, dole ku bar gidan da yarinyar nan har ya bushe. Bayan wasu shekaru kuma zai so a sake shafa masa. Tayil in kin sa, kin huta. Ni dai ko wanne kika zaɓa ina da riba."

Ta zauna a hannun kujera tana kallon tabon tukunyar. Da safe ta rantse a ranta ba za ta sake kallon katakon nan da rahama ba, ga shi kuma ta faɗa da bakinta a gaban miji. Amma idonta ya ƙi barin wurin nan mai ruwan zuma. Kumatu ta zame daga jikinta, ta nufi can kai tsaye, ta zauna daram a kai tana bubbuga shi da tafi.

"Yaushe za ka iya farawa?" in ji uwar.

Bayan la'asar Baban Kumatu ya dawo, ya shigo da wani abu a hammata naɗe da jarida. Ya ajiye a kan tebur ya buɗe. Tayil ne, mai zanen katako.

"Na biya ta shagon Yaya," ya ce, muryarsa a sanyaye. "Wuni na yi ina ɗibar jinin mutane, gwiwar yarinyar nan nake gani. Kin fi ni gaskiya. A cire shi kawai."

"A cire me?"

"Katakon mana."

"Wane katakon? Nawa?"

Ya tsaya da baki buɗe. "Ba ke kika ce da safe..."

"Da safe ne wannan. Irin wannan katakon yanzu ko da kuɗinka ba za ka samu ba."

"Ni fa na faɗi haka."

"Ka faɗa, amma ba ka san dalili ba. Zo ka gani."

Ta ja shi bayan ƙofa. Ya daɗe a tsugune a wurin, yana shafawa da babban yatsa. Da ya ɗago, fuskarsa irin ta ranar da suka zo duba gidan ce.

"Amma na riga na ce wa Yaya ya ware mana kwalaye."

Ta kira yayan a waya ta sa a lasifika. Ya saurara har ta gama, sannan ya ce, "Wato ni da hannuna na haɗa ki da mutumin da ya kashe min ciniki. Auta, ko na banɗaki ba za ku saya ba?" Suka yi masa alkawarin na banɗaki.

Suka kwashe kaya suka tura ɗaki ɗaya, suka koma gidan kakar Kumatu. Can gida ne mai cike da jikoki, yarinyar ba ta taɓa ƙasa sai dai daga hannu zuwa hannu, in kuma an sauke ta, manyan yaran su kama ta hannu biyu suna jan ta tsakar gida. Uwar kullum in ta tashi daga aiki sai ta biya ta gidanta, ta toshe hanci da mayafi ta leƙa ta taga. Ta ga ranar da falon ya zama fari fat kamar an yi masa aski, ta ga ranar da aka shafa man farko. Kwanakin da kafinta ya ce sun wuce, ya ƙara wasu, ta yi masa faɗa, ya ce ta je ta yi wa man faɗa.

Ranar da suka dawo, da rana tsaka, rabin dangi suka biyo su. Kowa ya tuɓe takalmi a waje ba tare da an ce masa ba. Hasken taga ya kwanta a kan daɓen tun daga ƙofa har bango. Sababbin katakan bakin kicin sun fi sauran haske, kakar ta lura nan take ta kuma faɗa. Yaya ya zagaya da safa yana neman aibu, santsi ya kusa kwashe shi, ya ce ai ga irinta nan, yaran kuwa suka mayar da abin wasa, suna gudu suna zamewa.

"Ku matsa," in ji Maman Kumatu. "Mai wurin ta zo."

Aka buɗe fili. Ta sauke yarinyar a tsakiyar falo, ta ɗora ta a kan gwiwoyinta da tafukanta, ta ja da baya.

"To bismillah, 'yar Mama. Rarrafa son ranki, babu abin da zai soke ki."

Kumatu ta dubi inuwar fuskarta a cikin katakon. Ta dubi babanta da ke tsugune can gefen taga yana miƙo hannu. Sai ta kama ƙafar kujerar da ke kusa, ta miƙe tsaye, ta saki. Ta yi tangaɗi, kumatun suna rawa, ta ɗaga ƙafa ɗaya ta ajiye, ta ɗaga ɗayar.

Kakar ta rufe baki da hannu.

"Tafiya take yi," in ji uban a hankali, kamar yana tsoron kada ta ji ta fasa.

"Ina gani," in ji uwar. "Duk wannan ƙurar da muka sha."

Yarinyar ta ƙara taku, ta karkata hagu kamar za ta faɗi. Maman Kumatu ba ta san lokacin da ta zube a kan gwiwoyinta ba. Ta buɗe hannuwa ta bi bayan 'yarta da rarrafe, tana dariya, har suka isa taga.